Tsabar azurfar Jamus ta da: in zuba jarina?

Tambaya: Malam, sana'ata sayar da kayan azurfa. Wani abokina mai saro motoci daga Jamus ya kawo mini tsofaffin tsabar azurfa guda 20, na masarautun can tun kafin su haɗe. Ya ce nan gaba za su yi kuɗi. In saya?

Amsa: Alhaji, ɗora su a sikeli tukuna. Kafin Jamus ta dunƙule a 1871, kowace masarauta tana buga kuɗinta da kan sarkinta, kuma daga 1857 suka daidaita a kan tsaba ɗaya mai suna tala: nauyinta giram 18.5, kashi 90 cikin 100 azurfa. In irinta ce, guda 20 ɗin nan azurfa zalla ce kusan giram 333. Wannan shi ne kuɗin da ba ya gardama. Duk abin da ya ɗora a kai, kuɗin labari ne.

Labarin kuwa wani lokaci gaskiya ne. Farusiya, babbar cikinsu, ta buga tala birjik, don haka tata in ta goge ba ta wuce kuɗin azurfarta da yawa. Ƙananan irin su Lippe, Waldeck da Reuss kaɗan suka buga, su masu tara kayan tarihi ke rububi. To amma masu rububin suna Turai. A nan mai saye zai auna ne ya biya ka, ba ruwansa da wane sarki ne a jiki, sai jarinka ya kwanta.

Kada shekarar da ke jiki ta ruɗe ka. Ka san liyari, mai kan sarauniya Mariya Tireza ta Ostiriya, wadda iyayenmu mata ke ratayawa? Kusan kowace 1780 ne a jikinta, alhali har gobe ana buga sabuwa a Biyana, babban birnin Ostiriya.

Gwada da maganaɗisu, azurfa ba ta kama shi. Sannan don Allah ka riƙe hannunka, na san halin 'yan azurfa da goge kaya su yi ƙyalli. Wannan baƙi-baƙin da ke jiki masu tarawa na son sa, in ka goge ka karya farashi.

Ni ne kai, zan taya su a farashin sikeli. In abokin naka ya ƙi, ka zaɓi biyu ko uku na ƙananan masarautun, ka ɗauki hotonsu gaba da baya, ya kai wa gidan gwanjon tsaba a Jamus su yi musu kuɗi kafin ka biya ko sisi.