Me ya sa faifai na biyu yakan ba da kunya?

Malam, ka tambaya me ya sa ƙungiyoyin kiɗan rok kan fitar da faifan farko mai zafi, na biyu kuma ya zo lami. Babban dalili shi ne lokaci. Waƙoƙin farko an daɗe ana goge su a ƙananan gidajen rawa, na biyu kuwa kamfani na tsaye a kansu yana jira.

Dubi The Stone Roses na Manchesta. Faifansu na 1989 ya girgiza Ingila, sai shari'a da kamfanin Silvertone ta ɗaure musu hannu. Suka koma kamfanin Geffen, amma faifansu na biyu, Second Coming, bai fito ba sai Disambar 1994, lokacin da ƙungiyoyin Oasis da Blur sun riga sun cinye kasuwa. Mai kaɗa musu jita John Squire kuma ya cika shi da dogon kiɗan jita irin na ƙungiyar Led Zeppelin, abin da masoyansu ba su zo nema ba. A 1996 suka watse.

Pinkerton, faifai na biyu na ƙungiyar Weezer, shi ma an yi masa ca a 1996, ni kuwa a ganina ya fi na farkonsu, kuma yau masu sharhi da yawa sun dawo suna yabonsa.