Me ya sa mai ke ƙare wa ƙaramin jirgi alhali akwai kwamfuta a gaban matuƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kabu-kabu ne a Birnin Kebbi, nakan kai fasinja filin jirgi na Ambursa. Na ji an ce ƙananan jirage suna faɗuwa saboda ƙarewar mai. Ashe matuƙi ba shi da manhajar da za ta gargaɗe shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yana da ita. Matuƙa da yawa suna ɗora iPad a cinya, da manhaja irin ForeFlight. Sai dai manhajar ba ta leƙa tanki, da abin da aka rubuta mata take lissafi. In ka ce mata lita 150 ka zuba alhali 100 ce a ciki, a kan 150 za ta tafi da kai.

Allurar mai ma ba a sakankancewa da ita. A tsofaffin ƙananan jirage wani abu ne yake yawo a saman mai, yana iya maƙalewa. Shi ya sa kafin tashi matuƙin kirki yakan hau fiffike, ya buɗe murfin tanki, ya tsoma sanda mai zane-zane, ya gani da idonsa. Ni dai a wurina, wannan sandar ta fi kowace manhaja.

Kuma man jirgi da awa ake ƙirga shi, ba da kilomita ba. Ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 172 yana shan wajen lita 30 a awa. Idan iska ta taso ta gaba, tafiya ta ƙara tsawo, inji kuwa bai rage sha ba. Dokar Amurka ta wajabta wa mai tuƙi da ganin ido (ba da dogaro da na'urori ba) rarar man minti 30 da rana, minti 45 da dare.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne jirgin da ya faɗi da sauran mai a ɗayan tankinsa. Kai kana murɗa rizab a gefen babur ba tare da ka duba ba. A jirgin da mawaƙi John Denver ya rasu a ciki a Kalifoniya, 1997, makunnin sauya tanki yana bayan kafaɗarsa ta hagu. Masu bincike na ganin da injin ya fara yankewa, ya juya zai murɗa shi, jirgin ya ƙwace masa ya faɗa teku.