Tsohuwar a-kori-kura Peugeot 504 da ba a taɓa gyara ba: nawa za ta yi?

Malam, ka ce akwai 504 a-kori-kura da ta shekara goma a ajiye, kana son sanin abin da za ka taya. Shasi, wato ƙarfen ƙarƙashi da ke ɗauke da motar, shi ke yanka mata kuɗi, ba fenti ba. Ka ji nawa ake sayar da irinta mai tafiya a kasuwarku, ka cire kuɗin inji, birki, tayoyi huɗu, batir da walda. Abin da ya rage shi ne tayinka.

Amma ka shiga ƙarƙashinta da tocila da sukudireba tukuna. Ka caccaki inda sifirin na baya ya kama shasi da ƙasan ƙafar direba: in ƙarfen ya huje, kuɗin kayan gyaran da za a cire a jikinta kawai za ta yi. Ka sa sifana ka juya injin da hannu. Injin da ya cije sai an sauke shi, baƙin mai da ya yi fari kamar madara kuwa ruwa ne ya shiga. Ka goga maganaɗisu a jikinta, inda ya ƙi kamawa an cike da foti, wato abin da ake shafawa a rufe lotsawa ko huji kafin fenti. Koɗaɗɗen fentin asali ma ya fi min sabo, don ba ya ɓoye komai. Lambar shasi in ta saɓa da ta takarda, ka haƙura da ita ko da araha ce.