Zauren Uwargida: Cin abinci a gidan da ake haɗa girkin Turai da namu

Tambaya: Assalamu alaikum Uwargida. Ni ɗan Garwa ne, ina aiki a wani kamfani a Injamena. Shugabanmu a wurin aiki ya gayyace mu cin abincin dare a wani ƙaramin gidan abinci irin wanda Faransawa ke kira bistro, inda aka ce kukun yana haɗa girkin Turai da kayan abincinmu na gida. Ina tsoron kada in ci abin da bai halatta ba. Wani abokina ya ce in zaɓi abincin marasa cin nama kawai, shi ke nan na tsira. Shin shawararsa ta isa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ƙara maka tsantseni. Shawarar abokinka tana da amfani, amma ba ta isa ba, kuma dalilin shi ne cewa kai da kukun ba abu ɗaya kuke gudu ba. Idan ya rubuta végétarien a gefen sunan wani abinci, alkawarin da ya ɗauka shi ne babu tsoka kuma babu kifi a ciki. Bai yi alkawarin babu giya ba, domin giyar inabi daga tsiro take, kuma a girkin Faransa da Italiya ana ɗaukarta a matsayin kayan miya na yau da kullum.

Dubi shinkafar Italiyawa da ake kira risotto, wadda sau da yawa ita ce babban abincin da ake ajiye wa marasa cin nama. A girkinta na asali ana soya shinkafar da albasa, a zuba farar giya, sannan a riƙa ƙara romo kaɗan-kaɗan har ta dahu, kuma romon kan zama na kaza idan kukun bai kula ba. Miyar albasa ta Faransawa kuwa, wadda ido ke gani kamar albasa da burodi da cuku kawai, bisa al'ada da romon naman sa ake yin ta, kuma da yawa suna ƙara mata giya. A ɓangaren kayan zaƙi ma haka abin yake: tiramisu yakan zo da giyar Marsala ko wata barasa, baba au rhum sunansa ma ya faɗi abin da ke cikinsa, kuma duk inda ka ga an rubuta flambé, ana nufin an zuba barasa an kunna mata wuta.

Za a ce maka wuta tana ƙone barasar gaba ɗaya, to wannan magana ba daidai ba ce. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1992, wanda ma'aikatar noman ƙasar ta dogara da shi, ya nuna cewa abincin da aka kunna wa wuta yana riƙe da kusan kashi 75 cikin ɗari na barasar da aka zuba masa, wanda ya dahu na minti 15 yana riƙe da kashi 40, kuma ko bayan awa biyu da rabi a kan wuta ana samun ragowar kashi 5. Sai kuma jelatin, wanda ake daskarar da panna cotta da wasu kayan zaƙi masu santsi da shi, kuma mafi yawan wanda ake yi a Turai daga fatar alade ake fitar da shi. Akwai kuma batun cuku irin su Parmesan, da ake daskarar da madararsu da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi. Malamai sun daɗe da saɓani a kan hukuncinsa idan dabbar ba yankakkiya ba ce, don haka wannan tambaya ce da za ka kai wa malaminka, ba ni ce zan yanke ta a wannan shafi ba.

Idan ka leƙa ɓangaren nama, ka riƙe waɗannan kalmomi, domin alade ba kullum yake zuwa da sunansa porc ba: jambon, lardons, saucisson, chorizo, charcuterie da saindoux, wato kitsensa. Quiche lorraine da taliyar carbonara duka da naman alade ake yin su a asalinsu, bœuf bourguignon kuwa ya haɗa jar giya da gutsattsarin alade ko da yake naman sa ne.

Kada wannan jeri ya sa ka zauna da yunwa, domin abin da za ka iya ci yana da yawa. Ratatouille ta kudancin Faransa gauta ce da tumatir da tattasai da albasa da kabewar Turawa, an dafa su da man zaitun. Gratin dauphinois dankalin Turawa ne da madara da tafarnuwa, an gasa. Akwai wainar ƙwai da dankali ta Sifaniyawa, akwai pizza margherita, akwai taliya da miyar tumatir. Fiye da waɗannan duka, a Injamena kake, a bakin kogin Shari, kuma da wuya ka shiga irin wannan gida ka rasa giwan ruwa, wanda za ka gani an rubuta shi capitaine. Ka nemi a gasa maka shi da lemon tsami, a ajiye miyarsa a gefe har sai ka san abin da ke cikinta. Naman sa da na rago ma ba sai ka guje su ba idan an tabbatar maka yankan gari ne, ba wanda aka shigo da shi a daskare daga waje ba.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne ka buɗe baki ka tambaya. Ka ce wa mai kawo abinci sans porc, sans alcool, wato ban da alade, ban da barasa, sannan ka roƙe shi ya shiga madafa ya tambayi kuku game da romo da miya, domin shi mai kawowar ba lallai ne ya san abin da aka zuba a tukunya ba. Na san kunya ce ke hana samarinmu yin haka a gaban manyansu, amma a irin waɗannan gidaje tambaya ba baƙon abu ba ce. Turawan kansu suna tambaya ko akwai gyaɗa ko alkama a abinci saboda lafiyarsu, kuma babu mai ganin laifinsu. Ka kuma sani akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Idan kana zaton za a sha, ka sami shugaban naka tun kafin ranar ka yi masa bayani cikin ladabi, hakan ya fi ka jira sai an zauna sannan ka rasa yadda za ka yi.

Tambaya: Uwargida, ni 'yar Marwa ce, ina aiki da wata ƙungiyar kiwon lafiya. Wata abokiyar aikina daga Jamus ta ziyarce mu a gida, mahaifiyata ta sa aka yanka mata kaza, amma ta ba da haƙuri ta ce ba ta cin nama. Inna ta ji zafin abin ƙwarai. Za ta sake dawowa, shin in kai ta gidan abincin Turawa ne kawai? Kuma mutum yana zama lafiya ba tare da nama ba?

Amsa: 'Yata, ki fara da lallashin Inna, ki gaya mata baƙuwar ba raina girkinta ta yi ba. A wurinmu yanka wa baƙo kaza girmamawa ce, shi ya sa ƙin ci yake da ciwo, amma barin nama tsohuwar hanya ce a wasu ƙasashe. An kafa ƙungiyar marasa cin nama a Ingila tun 1847, kuma a Indiya miliyoyin mutane ba sa cinsa saboda addininsu. Wasu tausayin dabbobi ne dalilinsu, wasu lafiya, wasu kuma damuwa da muhalli. Ki tambaye ta wane iri ce ita, domin mai bin tsarin végétarien tana cin ƙwai da nono da cuku, amma mai bin végétalien ba ta taɓa duk abin da ya fito daga dabba, har man shanu da zuma.

A ganina kai ta gidan abincin Turawa kuskure ne, domin abin da ta baro a ƙasarsu za ki sake ajiye mata, alhali tukunyarmu cike take da abin da zai yi mata. Ƙosai da kunun gyaɗa, ɗanwake da mai da yaji, alala, shinkafa da wake, dambu da zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa ko miyar kuka da daddawa, babu ɗaya da ke buƙatar nama kafin ya yi daɗi. Sai dai ki lura da abubuwan da hannunmu ya saba jefawa ba tare da tunani ba, irin su garin busasshen kifi, da romon ƙashi, da dunƙulen ɗanɗano mai ƙamshin kaza ko jatan lande. Kada kuma a dafa miya da nama sannan a tsame shi a ce an cire mata. Yadda Musulmi ba zai ci miyar da aka tsame alade daga cikinta ba, haka ita ma take kallon miyar da aka tsame kaza.

Game da lafiya, wake da gyaɗa da riɗi tare da hatsi suna ba jiki abin gina shi, kuma cin ganye da lemon tsami ko tumatir yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Abin da tsiro ba ya bayarwa yadda za a dogara da shi shi ne bitamin B12, don haka wanda ya bar nono da ƙwai gaba ɗaya sai ya riƙa shan ƙwayarsa, musamman mace mai ciki ko mai shayarwa.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kusiri, nakan ƙetara gada zuwa Injamena don ganawa da abokan ciniki. Jerin cokula da yadda ake kawo abinci kashi-kashi suna rikita ni, kuma tsadar tana ba ni mamaki.

Amsa: Alhaji, tsarin kashi uku ne: entrée shi ne somin-taɓi, plat shi ne babban abinci, dessert kuma kayan zaƙi, kuma ba dole ne ka ci duka ukun ba. Idan akwai plat du jour, wato girkin ranar, yawanci ya fi araha kuma ba a daɗe da sauke shi ba. Cokula ana fara ɗauka daga na waje a yi ciki. Turawa suna riƙe cokali mai yatsu da hagu, amma kai ka yanka abincinka, ka ajiye wuƙa, ka mayar da cokalin hannun dama ka ci da bisimillarka, babu wanda zai ga aibu. Idan ka nemi gasasshen naman sa ka ce bien cuit, wato ya gasu sosai, in ba haka ba za a iya kawo maka shi da ja a ciki. Tsada kuwa, ka tuna yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, don haka cukun yuro 10 ya haura sefa 6,500 tun kafin a biya jirgi da kwastan da man janareton da ke riƙe firiji. Wanda ya yi gayyata shi ne ke biya, kuma ɗan tukuici ga mai kawo abinci kyautatawa ce.

Tambaya: Ni dattijo ne a Ngaundere. Ɗana ya kai ni irin wannan wuri a Yawunde, aka kawo mini kifi da miyar zoɓo da 'yar acca a gefe, aka karɓi kuɗin da zai ciyar da gida. Shin wannan haɗe-haɗe ba abincinmu ba ne ake sayar mana da sunan Turawa?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, akwai gaskiya a ƙorafinka, amma haɗa girki ba yau aka fara shi ba. Tumatir da dankalin da Turawa ke taƙama da su daga nahiyar Amurka suka isa Turai a ƙarni na 16, kuma daga Amurkan ne gyaɗa da masara da rogo da barkono suka zo mana, ga shi yau babu mai kiran miyar gyaɗa baƙuwa. A tashoshin motarmu ana cusa wake ko ƙosai a cikin dogon burodin Faransawa, masu shayi a Kamaru kuma suna soya ƙwai da taliya, kuma wannan ma haɗin girki ne, sai dai ba a yi masa ado a faranti ba.

Akwai 'yan Afirka da suka ɗauki wannan aiki da gaske. Pierre Thiam ɗan Senegal ya yi shekaru yana tallata acca a Amurka, Mory Sacko kuwa, wanda asalin gidansu daga Afirka ta Yamma yake, ya sami tauraron Michelin, wato lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, a 2021 da gidan abincinsa na Paris inda yake haɗa girkin Afirka da na Faransa da na Japan. Ni ina goyon bayan wannan hanya idan kukun ya san abin da yake taɓawa. Miyar Faransawa tana neman ɗan tsami, shi ya sa suke zuba mata giya, kuma kukun da ya gane cewa tsamiya da zoɓo da yakuwa suna ba da wannan tsamin ya sami miyar da Musulmi zai ci hankali kwance, ya kuma sayi kayansa a hannun manomanmu. Haka wanda ya yi amfani da kindirmo da man shanun Adamawa a madadin kirim na gwangwani, ko albasar Marwa da shinkafar Yagwa a madadin na waje.

Wanda ban yarda da shi ba shi ne mai barbaɗa garin kilishi a kan taliya ya ninka farashi, alhali bai san yadda ake haɗa labu ba. Idan ɗanka ya sake kai ka, Baba, ka sa a tambayi kuku inda ya sayo kifinsa da accarsa da kuma abin da ya zuba a miyar zoɓon, domin wanda ya je kasuwa da ƙafarsa zai amsa maka nan take.