Amsa ga ƙaninmu mai tambaya: makaranta haɗa mu take yi ko raba mu?

Assalamu alaikum. Ƙanina mai karatun NCE, tun jiya da daddare na ga tambayarka. Ka ce an koya muku cewa wasu masana halayyar zamantakewa suna ganin makaranta ce ke haɗa kan al'umma, wasu kuma suna ganin ita ce ke danne ɗan talaka a inda ta same shi, kana son sanin wanne ya fi dacewa da mu a Arewa. 'Yan'uwa sun riga sun kawo maka amsar da ke cikin littafi, Allah ya saka musu. Ni shekarata 26 ina riƙe da alli a firamaren gwamnati, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Maganar farko ta Emile Durkheim ce, Bafaranshen nan da ya rasu a 1917. A wurinsa makaranta ita ce inda al'umma ke miƙa wa 'ya'yanta ɗabi'un da suka haɗa ta. Ban musa masa ba, don ni kaina a cikin hakan na tashi. A ajinmu benci ɗaya muke zama da ɗan hakimi da ɗan mai faskare da ɗan Ibo mai shagon kayan keke. Rigarmu iri ɗaya, bulalarmu iri ɗaya, kuma har yau idan ɗayanmu ya yi rashi sai mun haɗu a wurin gaisuwa.

To amma ka je wannan makarantar yau ka nemi ɗan hakimin. Ba ya nan. Ɗan ma'aikacin banki ba ya nan, kai har 'ya'yan wasu daga cikinmu malamai suna makarantar kuɗi. Waɗanda suka rage su ne 'ya'yan da iyayensu ba su da zaɓi, wani zubin fiye da ɗari a aji guda, rabi a ƙasa kan buhu. Yaya makaranta za ta haɗa mutanen da tun daga bakin ƙofa aka riga aka tace su?

Nan ne maganar Pierre Bourdieu, shi ma masani Bafaranshe, take shigowa. Ya ce yaro ba ya zuwa makaranta hannu rabbana, akwai jarin da yake tahowa da shi daga gida: harshe, yadda ake magana da manya, sabo da littafi. Makaranta sai ta karɓi jarin wasu ta kira shi ƙoƙari, ta ƙi na wasu ta kira su daƙiƙai. Wallahi ban fahimci wannan da kyau ba sai a kan wani yaro.

Wajen shekara goma sha ɗaya yake lokacin da mahaifiyarsa ta dawo da shi daga tsangaya ta kawo shi aji uku. Yana riƙe fensir kamar alƙalamin kara, yana fara rubutu daga dama. Yaran suka yi ta dariya, ni kuma na tura shi bencin baya, na ƙyale shi kusan zango guda. Wata rana lokacin tara na ji shi a gindin dalbejiya yana tilawa shi kaɗai, a hankali, ba gargada. Na tambaye shi, ashe izu ashirin ke kansa. Na rubuta masa jadawalin sau daga biyu zuwa sha biyu, kwana biyu ya kawo min shi cif. Yaron da muka yanke wa hukuncin daƙiƙanci ya fi duk ajin ƙarfin hadda da juriyar zama a kan karatu. Abin da ba shi da shi kawai Turanci ne, jarrabawarmu kuwa da Turanci take tambaya. Daga baya na karanta gwajin da wasu masu bincike, Rosenthal da Jacobson, suka yi a Amurka, wanda suka fitar a 1968: an ce wa malamai wasu yara za su yi fice, alhali zaɓen kan mai uwa da wabi aka yi, sai ga shi yaran sun fi ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. Da na karanta, wannan bencin na baya ne ya faɗo min a rai.

Kuma abin yana da tushe. Makarantar da Baturen nan Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, 'ya'yan sarakuna da malamai aka fara nema. Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Balewa suka yi karatu, 'yan kaɗan take ɗauka don samar da malamai da ma'aikatan En'e. Tun daga farko boko ƙofa ce ta albashi, kuma ƙofar ƙunci ce. Malamin da a da shi ne marubucin fada da alƙali, da ofis ya koma haruffan boko sai iliminsa ya daina cin kasuwa a wurin hukuma. UPE ta 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta, ta buɗe ƙofar ga kowa, amma an yi ta da gaggawa, yara suka fi ƙarfin malamai da azuzuwa. Har yau gwanin da ya yi satu, ya rubuta Alƙur'ani da ka tun daga Baƙara har Nasi, ba shi da takardar da zai shiga ma'aikata da ita. Wannan ba hukuncin ƙwaƙwalwa ba ne, hukuncin wanda ke riƙe da hatimi ne. Shi ya sa ban yi mamaki ba da makarantun almajirai da gwamnatin Jonathan ta fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012 da yawansu suka zama kufai. A ganina gini aka ba fifiko, ba a ba alarammomi da karatunsu matsayin da ya dace ba.

Akwai kuma darasin da ba ya cikin manhaja, wanda kowace makaranta ke koyarwa ba tare da ta faɗa ba. Tsangaya tana koyar da ladabi da haƙuri da sanin matsayi, kolo ya san titibiri, titibiri ya san gardi. Amma kada mu yaudari kanmu, yaron da ke yawo da roba ƙofa-ƙofa yana koyon cewa cinsa a hannun wasu yake, wannan kuwa yana ci min rai ƙwarai. Makarantar kuɗi tana koya wa yaro ya ɗaga hannu ya yi tambaya ba tsoro, sai dai wasunsu suna cin tarar wanda ya yi Hausa, yaro ya tashi yana jin kunyar harshen uwarsa. Mu a ta gwamnati, saboda cunkoso, abin da muka fi koyarwa shi ne "a yi shiru, a kwafa". Islamiyyar unguwa ce na ga har yanzu tana ɗan riƙe da abin da Durkheim ya faɗa, don a can 'yar alhaji da 'yar mai wankau suna haɗa tabarma, ko da yake ita ma masu tsada sun fara tsame 'ya'yan masu hali.

Don haka a jarrabawa ka kawo ra'ayoyin biyu yadda aka koya muku. Amma in ka tambaye ni wanne ya fi bayyana halin da muke ciki yau, na biyun ne. Idan an tura ka koyarwar gwaji, ranar farko ka wuce kai tsaye bencin baya, ka tambayi kowane yaro da Hausa abin da ya iya.

Shi wancan yaron na dawo da shi gaba, muka riƙa tsayawa bayan an tashi ina koya masa baƙaƙen boko. Ya kai aji biyar sai mahaifinsa ya rasu, dole ya koma kasuwa. Yanzu yana da teburin kayan miya, kuma shi ke jan mu tarawihi a masallacin unguwa.