Amsa ga yaron shagona kan lissafin rufi da waya

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka saba da amfani da ƙirƙirarriyar basira a aikin kafinta, tunda kana ganin ina latsa ChatGPT da Meta AI na cikin WhatsApp. Ba zan ɓata bakina kan yadda ake buɗe su ba, domin ko ɗan firamare ya iya wannan.

Tambayarka ta fama mini miki. Bara, gab da faɗuwar damina, wani alhaji ya ba ni jingar rufin gidansa a Arkilla. Saboda aiki ya yi mini yawa, na sa wani yaro da ya riga ka zuwa shagon nan ya fitar da lissafin kaya. Ya ba wayar tsawon ginin da faɗinsa kawai, bai gaya mata gangaren rufin ba, bai ambaci bakin da ke fitowa bayan bango ba, balle hawan da kwano ke yi a kan ɗan'uwansa. Ta ce kwano bandir 9, yaron ya tura wa alhajin da sunana. Da muka hau sama, sai da bandir 11 ya shiga, wato falle 40 ba sa cikin kuɗin jinga, ban da ƙarin katako da ƙusa. Na je har ƙofar gidan mutumin nan da ƙasaitata, na nuna masa awon da hannuna, amma ya ciro waya ya karkata mini fuskarta, ya ce magana ta ƙare a rubuce. Alhajin da ya sha gina gidaje ya san lissafin bai cika ba tun ranar da ya gan shi, ya yi shiru. Daga aljihuna na biya, kuma har yau idan na bi ta layin nan ba na ɗaga kai in dubi rufin.

Abin da ke ba ni takaici da ku yaran yanzu shi ne kun fi yarda da gilashin waya a kan tef ɗin awo. Ni da na shekara 30 ina hawa rufi a zafin Sakkwato, ido kawai nake ɗagawa in san lissafi ya gaza.

Duk da haka ban daina amfani da ita ba, kai ma kada ka daina. Kullum da yamma kafin a rufe shago, ka ba ta abin da aka kashe ta tsara maka, kuma ta gyara maka saƙon da za ka tura wa mai aiki. Idan lissafin rufi ne, ka fara yin naka a takarda, sannan ka ba ta kowane awo ka ce ta nuna maka yadda ta bi. Farashi kuwa ba ta san na yau ba, sai ka taka zuwa kasuwa ka tambayi masu katako. Kada wata lamba ta fita daga shagon nan da sunana sai na gan ta da idona.