Windows 7 ko Windows 11: wa ke da gaskiya?

Tambaya: Malam, muna ta musu da abokin aikina a shagonmu na buga takardu. Kwamfutarmu ta hannu ce, injinta Intel Core i3 ƙarni na 3, RAM ɗinta (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi) 4GB. Shi ya ce mu tsaya a Windows 7 domin ba ta da nauyi, sababbin kuwa cike suke da tarkace. Ni na ce tsohuwar ba ta da tsaro. A raba mana gardama. Mai karatu daga Zariya.

Amsa: A kan nauyi, abokinka bai yi ƙarya ba. Windows XP da ta fito a 2001 tana tashi da RAM 64MB. Windows 7 mai 64-bit tana neman 2GB da gurbin ajiya 20GB. Windows 11 kuwa ba ta karɓar ƙasa da RAM 4GB da gurbi 64GB. Sai dai nauyin iri biyu ne. Akwai tarkace na gaskiya: manhajojin da ke zuwa da ita ba ka nema ba, tallace-tallace, da masu tashi da kansu da zarar an kunna. Akwai kuma nauyin da shi ne tsaron kansa, kamar Defender, manhajar tsaron da ke zuwa da Windows, da ke bincikar kowane fayil da aka buɗe. Na farko ana iya rage shi. A Windows 10 ko 11, danna Ctrl, Shift da Esc tare, shiga sashen Startup, ka kashe abin da ba ka buƙata. Na biyun ba a taɓa shi.

Inda ya kuskure shi ne ɗaukar sauƙi a matsayin lafiya. Tsaron babbar manhaja irin Windows ya dogara ne da ko har yanzu akwai mai toshe ɓarakarta. Microsoft ya daina yi wa XP facin tsaro, wato gyaran da yake aikowa don toshe ɓaraka, a Afrilun 2014, Windows 7 kuma ranar 14 ga Janairu, 2020. Hatta Windows 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, sababbin da tsofaffin suna da ɓangarori iri ɗaya da yawa. Idan aka fitar da faci ga sabuwa, masu kutse sukan nazarce shi su gano ramin da aka rufe, su koma kan tsohuwar inda ramin yake buɗe har abada. A Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a tsarin raba fayiloli na SMB, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin gwamnati a Ingila. Facin ya fito tun watan Maris, waɗanda ba su saka ba su suka ji jiki, kuma ba sai mutum ya danna komai ba take shiga. Manhajar kashe bairos ba ta gyara irin wannan rami. Ga shi kuma Chrome ya tsaya a lamba 109 a kan Windows 7, wato ƙofar da kuke shiga intanet da ita ma ta tsufa.

To, me za ku yi? Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta) da injin Intel ƙarni na 8 zuwa sama, don haka taku ba ta ciki. Ana iya tilasta ta da Rufus, manhajar da ake ɗora Windows a filashi da ita, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfuta sabuntawa ba. Kada kuma ku yarda a saka muku nau'ikan Windows waɗanda ake cewa an rage musu nauyi. Ba ku san wanda ya haɗa su ba, kuma sau da yawa sabuntawa da Defender ake fara cirewa.

Ku fara da kayan ciki, domin galibin jan ƙafar daga tsohon faifan ajiya mai juyawa yake. Ku maye gurbinsa da SSD, faifan ajiya marar juyawa mai sauri, nau'in SATA, inci 2.5, 256GB ya isa. Ku ƙara RAM zuwa 8GB, amma ku duba rubutun jikin wanda ke ciki tukun: RAM nau'in DDR3 na aiki da bolt 1.5, DDR3L da 1.35, wasu kwamfutocin ba sa tashi idan an sa wanda bai dace ba.

Idan kwamfutar za ta riƙa shiga intanet, imel ko banki, ku gwada Linux Mint nau'in Xfce, wata babbar manhaja ce madadin Windows, wadda RAM 2GB ma ke ɗauka kuma tana samun faci. Ku sa ta a filashi mai 8GB, ku tayar da kwamfutar daga filashin ba tare da goge komai ba, ku gwada firinta da sikana. Ku sani CorelDRAW ba ya aiki a kanta kai tsaye.

Idan aikinku ya tilasta zama a Windows 7, ku raba ta da intanet gaba ɗaya. Ku riƙa aiki da asusun da ba na shugaba (Administrator) ba, ku kunna nuna ƙarshen sunayen fayiloli, kada ku danna wata gajeriyar hanya (shortcut) ko fayil mai ƙarewa da exe a filashin kwastoma. Kowane mako ku kwafe ayyukanku a wani faifai daban, ku cire shi ku ajiye a durowa.